Farautar ƙwayoyin da ke kuɓucewa daga filasma

Aikin da aka danƙa mini a Garching, kusa da birnin Munich na Jamus, shi ne kula da wata ƙaramar na'ura da ake zurawa a gefen tokamak ɗin ASDEX Upgrade na Cibiyar Max Planck. Tokamak ɗaki ne mai siffar zobe, inda ƙarfin maganaɗisu ke riƙe filasma, wato iskar gas da zafi ya farfasa ƙwayoyin zarranta, mai zafin miliyoyin digiri. Don a ƙara mata zafi, ana harba mata ƙwayoyin zarra na diyuteriyom, wani nau'in haidurojin mai nauyi, masu gudun tsiya, a bar su su yi ta kewaya har su sauke ƙarfinsu a ciki. Wasu ba sa zama, sai su sulale su doki bango. Su nake tarewa.

Ba ƙaramar magana ba ce. A tashar lantarki ta gobe, ƙwayoyin alfa, wato cibiyoyin zarran hiliyom, masu ƙarfin 3.5 MeV (ma'aunin ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi), waɗanda haɗewar diyuteriyom da tiritiyom (wani nau'in haidurojin da ya fi shi nauyi) ke haifarwa, su ne za su riƙe zafin filasma. In suka gudu da wuri, wuta ta mutu, bango kuma ya sha ƙuna. A shekarun 1990 masu bincike a tokamak ɗin TFTR na Princeton a Amurka sun auna irin wannan asara.

Kan na'urata an lulluɓe shi da girafait, wani nau'in kabon mai jure zafi, an bar wata 'yar tsaga. Ƙwayar da ta shigo ta nan tana faɗawa kan wani faranti da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli, sai wurin ya yi haske kore. Inda ta faɗa shi ne labarin: nisanta daga tsagar yana nuna faɗin kewayenta, wato ƙarfinta, karkatarta gefe kuma tana nuna kusurwar tafiyarta a kan layin maganaɗisu. Kyamara na ɗaukar hoton, wasu na'urorin kama haske kuma na bin lumshewarsa har sau miliyan a daƙiƙa guda.

Harbi ɗaya, wato kunna filasma sau ɗaya, bai wuce daƙiƙa 10 ba, sai a zauna jira. Yawancin gardamarmu a ɗakin sarrafawa a kan santimita ɗaya ko biyu take. Ka matsa kusa da filasma, girafait ya ɗau zafi ya yi jajur, haskensa ya binne abin da kake nema. Ka ja baya, faranti ya zauna baƙi ƙirin.

Abin da na fara dogara da shi shi ne ɗigon hasken da ke bayyana a faranti da zarar an kunna bindigar ƙwayoyin, ya ɓace da an kashe ta. Mun san ƙarfin da aka harba su da shi, don haka da shi nake gwada ko ma'aunina daidai yake. Sauran ɗigogin kuwa ban yarda da su ba sai sun kawo shaida. Akwai igiyoyin girgiza a filasma da ake kira da sunan Hannes Alfvén, ɗan Suwidin da ya karɓi kyautar Nobel a 1970, waɗanda ke ture ƙwayoyin waje. Idan waya mai naɗi da ke jikin bango ta ji girgiza a wani mita, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa, hasken farantina ma ya rinƙa lumshewa a daidai wannan mita, yana hawa yana sauka tare da ita, to an kama mai laifi.

Shirun na'urar ne ya fi yaudara. Kamar mai leƙen taron biki ta kafar makulli ne: rashin ganin amarya ba ya nufin ba ta fito ba. Ƙwayoyin na iya zubewa a wani sashen bango da ba ka gani. Shi ya sa aka dasa irin na'urar a wurare daban-daban na tokamak ɗin, muke kuma sa kwamfuta ta bi sawun kowace ƙwaya da baya, daga faranti zuwa inda ta taso.

A ITER, babban tokamak ɗin da ake ginawa a kudancin Faransa, aikin zai fi wuya, domin niyutiron, ƙwayoyi marasa caji masu ƙarfin 14.1 MeV da haɗewar diyuteriyom da tiritiyom ke fitarwa, za su rinƙa haska farantin da kansu, suna kuma cinye ƙyallinsa sannu a hankali.