Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Na Sake Koyon Tafiya a Cikin Ruwa

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda aka sallame ni daga asibiti bayan haɗarin hanyar Zariya, da ƙarfe a cikin ƙashin cinyata ta hagu, da sandunan guragu biyu. Yau zan ba da labarin abin da ya biyo baya, kuma zan ɗan tsawaita, saboda wasu daga cikinku sun rubuto mini suna da majinyaci a gida mai irin lalurata.

Ƙashi ya fara kamawa, hoto ya nuna haka. Amma ƙafar da na dawo da ita gida ba tawa ba ce da na sani. Cinyar ta tsotse, gwiwa ta sandare, idon sawu kuwa kullum yamma sai ya kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likitan da ya yi aikin ya ce in riƙa taka ƙafar, amma kada in ɗora mata fiye da sulusin nauyina. Wannan umarni yana da sauƙin faɗa a ofis. Mutum yana tsaye a tsakar gida, ina zai san ya ɗora sulusi ko rabi? Tsoro ya sa nake rataye ƙafar gaba ɗaya, ita kuma tana ƙara mutuwa. Salla a kan kujera nake yi. A sashen gashin ƙashi an auna gwiwar da wani ma'aunin kusurwa na roba, aka ce tana lanƙwasuwa digiri 70 ne kawai. Tafiya a fili tana bukatar wajen 60, hawa bene wajen 90, zaman tahiya kuwa sai gwiwa ta kai kusan 150. Da na ji wannan lissafi na yi shiru, don a lokacin ba abin da nake kewa kamar in kai goshina ƙasa.

Likitan gashin da ke kula da ni matashi ne, sa'an babban ɗana. Wata rana bayan ya gama matsa gwiwar ina gumi, sai ya ce, "Malam, akwai wani abu da nake so mu gwada, idan ka amince. Ina so in sa ka a ruwa."

Na ce, "Likita, ni fa ban iya iyo ba. Tun muna yara aka hana mu kusantar kududdufi."

Ya ce, "Ba iyo za ka yi ba, Malam. Tafiya za ka yi."

Ba mu shiga a ranar ba. Sai da ya duba wurin ɗinki ya tabbatar ya rufe sarai, ba ya tsatsar da komai. Ya tambaye ni ko ina da ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko ciwon fata, ko matsalar riƙe fitsari da bayan gida. Ya auna hawan jinina. Ya ce duk ranar da na tashi da zazzaɓi ko gudawa in yi zamana a gida. Na kawo waɗannan ne da gangan, domin wanda ya karanta labarina kada ya ɗauki tsohonsa ya tsoma a ruwa ba tare da an duba shi ba.

Asibitin ba shi da kwamin gashi. Abin da likitan yake yi shi ne ya karɓi aron kwamin ninƙaya na wani otal da sassafe, kafin baƙi su tashi, majinyata su haɗa kuɗin. Ɗana ne yake kai ni a mota bayan asuba. Mu kaɗan ne: wani dattijo mai ciwon gwiwa, wani saurayi da babur ya kayar, da wani ɗan kasuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kama.

Ranar farko ko taku ɗaya ban yi ba. An zaunar da ni a matakala, ruwa ya kai mini ƙirji, likitan ya ce in sa bakina a ruwa in hura har ya yi kumfa. Daga baki aka koma hanci. Ya yi mini bayani cewa wanda ke tsoron ruwa jikinsa a ɗaure yake, kuma tsokar da take a ɗaure ba ta karɓar gashi. Wannan tsari na fara koyar da numfashi da sakin jiki ya samo asali ne daga wani injiniya mai suna James McMillan, wanda a 1949 ya fara koya wa 'yan mata masu nakasa iyo a makarantar Halliwick da ke Landan, har tsarin ya ɗauki sunan makarantar. Na ga amfaninsa a kaina. Da na gane cewa ko ruwa ya taɓa fuskata ba zan shaƙe ba, sai kafaɗuna suka sauka, hannuna ya saki ƙarfen bakin kwamin.

Sannan aka ja ni a hankali zuwa inda ruwa ya kai wuya, aka ce in sauke ƙafar hagu.

Na sauke ta. Ta taɓa ƙasa, ta tsaya, ba zafi. Tun ranar haɗarin ban tsaya a kan ƙafafuna biyu ba sai a lokacin. Hawaye suka zo mini, likitan ya kau da kai ya ba ni lokaci.

Shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma ƙa'idar Archimedes tana cikin abin da nake rubutawa a allo kowace shekara: duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Misalin da nake ba ɗalibai shi ne guga a rijiya. Muddin gugar tana cikin ruwa ba ka jin nauyinta a igiya, sai ta baro ruwan kafaɗarka ta san ta cika. Jikin mutum ma haka yake. Idan ruwa ya kai wuya, ƙafafu suna ɗaukar wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki. Idan ya tsaya a ƙahon zuci, wajen sulusi. Idan ya tsaya a cibiya, wajen rabi. Ni a lokacin kilo 80 nake, ke nan a ruwan wuya ƙafafuna kilo 8 kawai suke ɗauka. Umarnin likitan ƙashi da ya gagare ni a tsakar gida, a nan zurfin ruwa ne yake auna shi. In na tsaya inda ruwa ya kai ƙahon zuci, to ba yadda za a yi in wuce sulusi ko da na so.

Wannan ne ya fi ɗaukar hankalina a duk al'amarin. Mai koyon iyo daga bakin ruwa yake farawa ya nufi zurfi. Mu kuwa daga zurfi aka fara da mu, kuma ci gaban majinyaci shi ne a matso da shi inda ruwa ya ragu. Duk lokacin da likitan ya ce, "Malam, yau matso nan," yana nuna inda ruwa ya fi ƙasa da na makon da ya wuce, na san ya ƙara wa ƙafar kaya ne, kuma ya yarda za ta iya.

Ruwa yana ɗauke nauyi, amma kuma yana ba da aiki. Kaurinsa ya ninka na iska wajen sau 800, saboda haka duk motsin da ka yi sai ka ture shi. Kuma gwargwadon saurinka gwargwadon yadda yake tare ka: in ka ninka saurin, turjiyar takan kai wajen ninki huɗu. In ka ji zafi ka tsaya, nan take turjiyar ta ɓace, ba wani ƙarfe da zai faɗo maka a ƙafa. Da wannan aka gina mini cinya. Ina tafiya gaba, ina tafiya da baya, ina tafiya a kaikaice. Ina riƙe bakin kwami in ɗaga ƙafa gefe in mayar. Daga baya aka ɗaura mini wata roba mai faɗi a ƙafa don ruwan da nake turewa ya ƙaru. Wani lokaci likitan yakan kaɗa ruwan da hannunsa kusa da ƙuguna ya ce in tsaya cak kada in bari ya ja ni, don tsokokin ciki da na baya su koyi riƙe ni. Faɗuwa a nan ba ta da ban tsoro, domin ruwa yana jinkirta ta, mutum yana da lokacin gyara tsayuwarsa. Ɗan kasuwan nan mai shanyewar ɓarin jiki, wanda a ƙasa ba ya yarda ya saki hannun ƙaninsa, a ruwa shi kaɗai yake ƙetare kwamin.

Gwiwa kuwa ta sha wani aikin daban. Akan kwantar da ni rigingine a saman ruwa, da robar iska a wuya da wata a ƙugu, likitan ya riƙe dugadugina ya tsaya, ni kuma in janyo jikina zuwa gare shi in sake turawa. Wannan salo ana danganta shi da garin Bad Ragaz na ƙasar Suwizalan, inda aka bunƙasa shi a wurin wankansu na ruwan ɗumi. Akwai kuma tsuguno a matakala: in riƙe ƙarfe, in sauke ɗuwawu a hankali har inda gwiwa ta ce ya isa, in jira, in ƙara kaɗan. Abin da yake sa ni cizon yatsa a kan gadon asibiti, a ruwa da numfashi kawai nake jure shi.

Kumburin idon sawu ma ya fara sauka, kuma dalilinsa a fili yake. Matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi, saboda haka ƙafar mai tsaye ta fi cinyarsa shan matsi, ruwan da ya taru a sawu sai ya koma sama. Wannan matsin shi ne kuma yake tura jini zuwa ƙirji, ya sa zuciya ta karɓi fiye da yadda ta saba, ya sa mutum ya ji fitsari da zarar ya fito. Ga mai lafiyar zuciya ba komai ba ne. Ga wanda zuciyarsa ta gaza kuwa abin yana iya zama haɗari, shi ya sa aka yi mini waɗancan tambayoyi tun farko. Kuma mutum yana gumi a ruwa bai sani ba, don haka likitan ba ya barin kowa ya tafi sai ya sha ruwa.

Matsalarmu ita ce sanyi. Kwamin gashi na gaskiya ana ɗumama shi ya tsaya tsakanin digiri 33 da 35, ɗumin da ke sassauta tsoka ba tare da ya galabaitar da mutum ba. Namu na otal rana ce kawai take ɗumama shi. A bazara lafiya lau. Da hunturu ya shigo, dattijon mai ciwon gwiwa ya daina zuwa, mu kuma aka mayar da mu la'asar aka rage mana lokaci. A nan ne likitan ya ba mu labarin Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921, ya je maɓuɓɓugar Warm Springs a jihar Jojiya ta Amurka a 1924, ya ji daɗin motsa ƙafafunsa a ruwanta, har a 1927 ya kafa cibiyar kula da masu shan inna a wurin, tun kafin ya zama shugaban ƙasa. Ruwan Warm Springs wajen digiri 31 yake. Ruwan Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi shi ma wajen digiri 31 yake, rani da damina, dare da rana. Na daɗe ina juya wannan a raina, musamman in na tuna yawan waɗanda shan inna ta bari da nakasa a garuruwanmu kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Najeriya a 2020. Wancan nau'in ya tafi, amma mutanen suna nan tare da mu, gaɓoɓinsu suna tsufa.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne mata. Duk zamana a wurin mace ɗaya ban gani ba, alhali a layin sashen gashi su ne suka fi yawa, da ciwon gwiwa da ciwon baya. Ba wadda za ta shiga ruwa a gaban maza, kuma tana da gaskiya. Gyaran bai da wuya: a ware musu sa'o'insu, a samu likitar gashi mace, a bar su su shiga da doguwar riga da wando marasa nauyi. Uwargidana da kanta ta ce mini, "Malam, da akwai na mata da na bi ka," domin ita ma gwiwarta ta fara hana ta tsuguno.

Wani ya tambaye ni ko zai iya kai mahaifinsa rafi ko dam ya yi irin wannan. Ina roƙonsa kada ya yi. Ƙasan rafi ba a san inda yake da rami ko santsi ba, kuma ruwan kwance a ƙasarmu yana ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Ruwan kwami ana sa masa kulorin ana tace shi, ga kuma mai kula tsaye kusa.

Sannu a hankali na baro ruwan ƙirji na koma na cibiya, daga nan na cinya. Likitan ya fara rage mini ranakun ruwa yana ƙara na ƙasa. Na nuna masa ban so ba, domin a ruwa ne nake jin ni cikakken mutum. Ya ce, "Malam, ƙashi ba ya ƙarfi sai ya ɗauki nauyi, kuma ajinka a bene yake." Gaskiya ya faɗa. Da aka sake auna gwiwar ta wuce digiri 110, na fara ruku'u a tsaye, sujada ce ta rage. Aka rubuta mini sabon hoton ƙashi, wanda shi ne zai nuna ko likitan da ya yi aikin zai yarda in ajiye sanda ɗaya.

Abin da hoton ya nuna, da yadda muka kwashe da hukumar makaranta a kan komawata aiki, shi ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.