Littafin da na zaci gara ce ta cinye shi

Wata Asabar bara na shiga Sabon Gari neman littafin lissafi na yayar Auta, sai muka tsaya wajen wani mai littattafan gwanjo da ya baza hajarsa a kan buhu. Auta, lokacin shekararta uku da rabi, ta tsuguna ta zaro wani ɗan littafi mai taurin kwali, da koriyar tsutsa mai jan kai a bangonsa. Ina buɗewa sai ga huji, shafi bayan shafi. Na ce, "Malam, wannan ai gara ta riga mu karantawa." Ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Wallahi Hajiya haka ya zo a dila." Na taya rabin kuɗi, ya ce albarka. Na juya zan tafi, Auta ta ɓare baki, bawan Allah ya sallama.

Sai a cikin adaidaita na lura hujin duk girmansu ɗaya, kuma kowanne a tsakiyar ɗan itace yake. Gara ba ta da wannan tsari. Bayan sati biyu na koma na cika masa kuɗinsa, yana ta yi mini dariya.

Sunan littafin The Very Hungry Caterpillar, wato labarin wata tsutsa mayunwaciya, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta ya zana, Eric Carle. A 1969 ya fito. Kalmominsa duka 200 ne da 'yan kai, ko wasiƙar neman aiki ta fi shi tsawo, amma an sayar da fiye da kwafi miliyan 50, an fassara shi zuwa harsuna sama da 60. Wannan ya sa na bi diddigin mutumin.

An haife shi a 1929 a garin Syracuse na Amurka, iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani. Yana shekara shida kewar gida ta dami mahaifiyarsa, suka tattara suka koma Stuttgart, a daidai lokacin da Hitler ke riƙe da Jamus. A Amurka ya baro aji mai haske, da manyan takardu da fenti. A Jamus aka miƙa masa ƙaramar takarda da fensir, kuma ko sati bai yi ba malami ya zane masa tafin hannu da sandar gora. Nan na ajiye waya na yi shiru, domin ni ma a aji uku na firamare na sha bulala a tafin hannu saboda na zana zakara a bayan littafin rubutuna. Malamin ya ce ɓarnar takarda ce. Tun daga ranar ban sake zana ko ƙwai ba.

Shi Carle ya fi ni sa'a. Wani malaminsa na zane ya kira shi gida a ɓoye, ya nuna masa hotunan zane-zanen da gwamnatin Hitler ta haramta, masu launi tsagwaro da ba ruwansu da kwaikwayon abu sak. Sauran kuwa wahalar yaƙi ce. An ɗebi mahaifinsa soja, Rashawa suka kama shi, bai dawo ba sai 1947, ya rame ya zama ƙashi da rai. Shi kansa Eric yana shekara 15 aka tura shi haƙar ramukan yaƙi. Wannan uban ne a da yake jan hannunsa su shiga daji, ya ɗaga dutse ko ɓawon itace ya nuna masa 'yan ƙwarin da ke ƙarƙashi, sannan ya mayar da komai yadda ya same shi. Ina ganin daga nan tsutsar ta fito, da gizo-gizo da gyare da sauran 'yan halittun da suka cika littattafansa.

A 1952 ya koma New York da dala 40 a aljihu. Ya yi aikin zane a jaridar New York Times, daga baya ya koma zanen talla. Wata jar halittar teku, 'yar uwar ƙaguwa, da ya zana a talla ita marubuci Bill Martin Jr ya gani, ya neme shi ya zana masa littafin yara, wanda ya fito a 1967. Mutum ya doshi arba'in kafin ya gano sana'arsa.

Hujin nan kuwa, wasa ne ya haife shi. Yana zaune yana ɓula takardu da abin huda takarda na ofis, sai tsutsar da ke cin littafi ta faɗo masa a rai. Editarsa, Ann Beneduce, ta ga irin wannan tsutsa ba za ta shiga ran yara ba, ta kawo shawarar a yi wadda ke rikiɗa ta yi fiffike. Da aka zo bugawa, masu ɗab'i a Amurka suka ga huji da shafuka masu gajere da dogo za su ci kuɗi, sai a Japan aka buga. Carle ya rasu a watan Mayun 2021 yana da shekara 91, bayan shi da matarsa sun buɗe gidan adana zanen littattafan yara a garin Amherst na Amurka a 2002.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake aikin. Ba ya zana tsutsa ya cike ta da launi. Farar takarda shara-shara yake samu, ya shafe ta da fenti, wani lokaci da buroshi, wani lokaci da yatsa ko soso ko guntun kafet. In ta bushe ya jera a durowa, kore da kore, ja da ja. Daga nan yake yanka ya liƙa. In ka ƙura wa jikin tsutsar ido za ka ga kowace gaɓa korenta daban.

Da na gane haka sai na aika wajen telarmu ta tara mini ƙyallaye. Leda guda ta aiko: atamfa, shadda, har da guntun baƙin rini irin na Ƙofar Mata. Muka dama sitaci, muka yanka kwalin indomi. Domin gaskiya abincin littafin ba namu ba ne. Tuffa da lemo da kankana Auta ta sani, sauran kuwa ba ta taɓa ganinsu a tiren mai talla ba. Tamu tsutsar ran Litinin goruba ɗaya ta ci, Talata mangwaro biyu, Laraba aduwa uku. Ran Asabar ta haɗa gullisuwa da alawar madara da ƙuli-ƙuli da awara da tsire, ciki ya murɗa. Hujin da ƙusa mai zafi na yi su, na ƙona yatsa sau biyu.

A nan takaicina yake. Garin nan ba a fi mu buga littafi ba, na soyayya kaɗai ya ishi mutum karatu har tsufa. Masu zane ma muna da su: dubi bayan manyan motoci, dubi allon zayyana, dubi masu lalle da masu zanen hula. Amma nemi littafin Hausa mai hoto na ɗan shekara uku, wanda zai ja ya tauna bai yage ba, ka sha yawo. Mun ɗauka yaro sai ya iya haɗa baƙi sannan ya cancanci littafi.

Shafin ƙarshe na littafin Carle hoto ɗaya ne ya cinye shafi biyu, fiffike a dama, fiffike a hagu. Ran nan kakar Auta ta zo daga Gwammaja, Auta ta haye cinyarta tana cusa yatsa a huji ɗaya bayan ɗaya. Da suka kai ƙarshe tsohuwa ta ce, "Au, ashe malam-buɗe-littafi ne." Ta kama bangon biyu tana buɗewa tana rufewa, fiffiken yana kaɗawa. Auta ta ce, "Hajiya, sake."