Yadda baƙin allo ya sauƙaƙa mini adana hotunan biki

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo ce, shagona yana Agege, a Legas. Yawancin aikina na 'yan uwanmu Hausawa ne: ɗaurin aure, suna, walimar sauka, wani lokacin har Mile 12 ko Idi-Araba ake kirana. Hoton biki amana ne, domin amarya ba za ta sake zaman lalle ba don kwamfutarka ta mutu. Shi ya sa duk aikin da na gama nake kwafe shi zuwa faifan ajiya na waje da na saya a Computer Village, Ikeja.

Wahalar tana wajen kwafin. Kana cikin juye bidiyo mai nauyi sai a ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto aiki ya tsaya a tsakiya. Ka dawo ba ka san wane fayil ya shiga ba, wanne kuma rabinsa ne kawai.

Ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya ce, "Yaya, bari in nuna maka rsync, ka huta da wannan." Rsync manhaja ce ta kwafin fayiloli. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki. Kwamfutata Windows ce, don haka ya sa mini WSL, hanyar da Microsoft ta fito da ita a 2016 ta sarrafa Linux a cikin Windows. Linux wani tsarin kwamfuta ne kamar Windows, a cikinsa nake amfani da rsync. A can faifan C, wato na cikin kwamfuta, sunansa /mnt/c, na wajen kuma /mnt/e. Ga layin da nake bugawa kowace yamma:

rsync -rtv --progress /mnt/c/Hotuna/ /mnt/e/Ajiya/

Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da rsync a 1996, kuma kyauta yake. Abin da yake yi shi ne ya duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi a ƙarshe, ya gwada da na can. In sun yi daidai sai ya wuce, in sabo ne ko ya canza sai ya kwafa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali: yayin da yake kwafi, da sunan wucin gadi yake rubuta fayil ɗin, sai ya kammala yake ba shi sunansa na gaskiya. In wuta ta tafi, rabin bidiyo ba zai zauna da sunan cikakke ya yaudare ni ba. Na sake buga layin, ya tsallake abin da ya gama, ya kama daga wanda ya yanke.

Ƙaramar sandar nan da ke ƙarshen Hotuna/ tana da aiki. Da ita, abin da ke cikin foldar ake kwafewa. Ba ita, foldar ce kanta za ta shiga cikin Ajiya, ka wayi gari da folda cikin folda. Sannan in filashinka FAT32 ne, wato wani tsohon tsarin shirya faifai, fayil da ya kai gigabait 4 ba zai shiga ba, kuma yadda yake riƙe lokaci ba ya bin kowace daƙiƙa, sai ka ƙara --modify-window=1 don kada a riƙa maimaita kwafin abin da bai canza ba.

Akwai umarni ɗaya da na hana yaran shago taɓawa, wato --delete. Shi yakan mai da faifan waje daidai da kwamfuta, duk abin da babu a nan sai ya goge shi a can, kuma ba ya jefawa kwandon shara. Ni kuwa nakan share tsofaffin bukukuwa daga kwamfuta don samun wuri, faifan waje ne kaɗai ke riƙe da su. Alhaji zai iya shigowa bayan shekaru ya ce, "Malam, hoton mahaifiyarmu na ranar auren nan nake nema, Allah ya yi mata rasuwa." Me zan ce masa? Masu amfani da robocopy, umarnin kwafi da ke zuwa cikin Windows, su sani /MIR ɗinsa ma haka yake gogewa. Duk umarnin rsync da ban saba da shi ba, sai na fara sa -n, ya jera mini abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, na karanta a natse sannan na cire.

Faifai biyu a shago ɗaya ba su isa ba, gobara ko ɓarawo tare za su kwashe su. Yanzu ina koyon rclone, mai irin aikin rsync amma zuwa Google Drive, ma'ajiyar intanet. Saboda tsadar data, hotunan da aka tace kaɗai nake turawa, bidiyo kuwa yana faifai na uku da nake kaiwa gida duk Juma'a.