Kafin ka taɓa maɗaurin jigon tsohon jirgi

A yawancin jiragen ruwa masu tafiya da iska, jigo ba ya tsayuwa da ƙarfin kansa. Wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi gaba da baya da gefe biyu, kowace waya kuma tana sauka a kan wani faffaɗan ƙarfe da aka ɗaure a jikin jirgin, wanda a yadin gyaran jirage muke ce wa cenfilet, wato maɗauri. Shi ne turken: in ya tuge, jigo da filafilai sai cikin ruwa. Ku ƙannena masu walda da aikin faiba da kuka fara samun irin wannan aiki a bakin ruwan Legas, yawancin jiragen da za su zo hannunku na faiba ne, ƙirar Turai ko Amurka ta shekarun 1970 da 1980, kuma da wuya a ce an taɓa zare maɗauransu tun fitowarsu daga masana'anta.

Abin da ya fara ruɗa ni ƙyalli ne. Wani maigida ya ce in duba masa maɗauran jirginsa kafin ya sa sababbin wayoyi. Na leƙa sama, ƙarfe na walƙiya. Na shiga ciki da tocila, na ga ɗan jan layi ya gangaro a bangon katako, na goge da tsumma na ce masa lafiya lau. Da damina ta yi nisa yoyo ya dame shi, dole muka zare ɗaya. Daidai inda ƙarfen ya ratsa kaurin dandamali, wato saman jirgin da ake takawa, wurin da ido ba ya kaiwa ta sama ko ta ƙasa, ya yi ƙananan ramuka baƙaƙe, ga tsaga kamar gashi ta keta shi a kwance. Na ɗaure shi a bais, wato matsen ƙarfe na kan teburin aiki, na buga guduma sau ɗaya, ya rabu biyu. Kyan ɗan maciji ke nan. Wannan jan layin da na goge shi ne kaɗai shaidar da jirgin ya ba ni.

Dalilin yana cikin halin sitenles, ƙarfen nan mai ƙyalli da ake yin maɗaurin da shi. Abin da ke hana shi tsatsa wata siririyar fata ce da sinadarin kuromiyom ke yi idan ya haɗu da iska. Inda iska ke kaɗawa, fatar na sake tohowa ko an karce ta. Amma a cikin ramin dandamali, inda tsohon gam ya saki, ruwan gishiri ya shiga ya kwanta ba iska, gishirin zai cinye fatar ya ci gaba da cin ƙarfen daga ciki. Zafi irin namu yana ƙara masa sauri. Don haka ba a duba maɗauri yana ɗaure. Ka sassauta wayar, ka riƙe jigon da igiyar ɗaga filafili, ka zare su ɗaya bayan ɗaya, ka wanke, ka fesa jan rinin nan na gwajin tsaga sannan farar hodarsa. In akwai tsaga, jan zai fito a kan farin. Wanda ya tsage kuwa kada ka yi masa walda, ko da maigida ya roƙe ka. Ka yanko sabo.

Wajen sayen ƙarfe ka nemi lamba 316, wanda ke da molibdinom kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ya fi 304 jure gishiri. A ido ba a bambanta su, maganaɗisu ma ba zai raba maka gardama ba, saboda haka ka nemi takardar ƙarfen daga mai sayarwa. Ka huda shi da injin a hankali, da mai, kana dannawa sosai. In ka bar bakin dirila na gudu a banza wurin zai taurare, ka ƙona baki uku ba ka wuce ba. Ramin sama ya yi daidai da kaurin fil ɗin wayar, kada ya yi masa yawa. Sannan ka goge shi har ya zama madubi, musamman sashen da zai ɓuya, domin a cikin karce tsatsa ke samun wurin zama. Bolti da noti duka sababbi.

Ƙarfen rabin aiki ne. Ka soka sukudireba a bangon filawud ɗin da aka ɗaure shi a kai. In ta shige kamar ba komai, ko ramukan bolti sun yi tsawo maimakon zagaye, bangon ya ruɓe, kuma sabon maɗauri a kansa ado ne kawai. Yawancin dandamalin waɗannan jirage faiba ne sama da ƙasa da katakon balsa mara nauyi a tsakiya. Ka ƙwaƙule balsan da ke kewaye da ramin, ka bari ya bushe, ka cike da efoksi mai kauri. A bakin ramin ni butil, wata roba mai danƙo, nake sawa a ƙarƙashin ɗan murfin ƙarfen da ke rufe ramin, don ba ya taurarewa, maɗaurin kuwa yana ɗan motsi duk lokacin da jirgi ya kishingiɗa. Gam mai kamawa har abada zai saki ƙarfen ya kuma hana na bayanka cire murfin.

Inda na fi yin ɓarna shi ne sauya wa maɗauri wuri. Bayan na ga abin da rami ke yi, sai na ƙudurta cewa maganin shi ne a raba maɗauri da dandamali gaba ɗaya, a fitar da shi waje a ɗaure a gefen jirgi. Tunanin ba laifi, jirage da yawa masu dogon zango haka aka ƙera su, kuma a waje kana ganin ƙarfen kullum. Aiwatarwar ce ta zama gyaran gangar Auzinawa. Na ɗaure ƙarfen miƙe sambal a jikin jirgin, alhali wayar a karkace take zuwa daga saman jigo. Duk lokacin da iska ta cika filafili, sai kan maɗaurin ya ɗan lanƙwasa ciki, in ta lafa ya dawo. A ciki kuma wosha kawai na sa, ban lura cewa gefen jirgi a wurin siriri ne ba, tunda wanda ya zana shi bai shirya masa ɗaukar wannan nauyi ba. Ba a jima ba fentin faiban ya tsattsage kewaye da boltin sama, gefen ya ɗan loɓa. Mai jirgin ya ƙara da wani ƙorafin: babban filafilin gaba yanzu dole ya zagaya bayan wayoyin, ba ya jawuwa ciki sosai, jirgin ya daina tunkarar iska kamar da. Gaskiyarsa ce, kuma ya kamata in faɗa masa hakan tun kafin in huda rami ko ɗaya.

Da muka sake aikin, sai muka ɗaure zare daga hannun jigo, wato sandar da ke tokare waya daga jikin jigon, zuwa inda maɗaurin zai zauna, muka auna karkatar, aka lanƙwasa kan ƙarfen daidai da ita. Muka ƙara faiba a ciki, faffaɗa, kowane shafi ya fi na bayansa ƙanƙanta don nauyin ya bazu, sannan farantin ƙarfe a baya wanda duk boltin suka ratsa. Hannuwan jigon ma sai da aka sake su da masu tsawo, wayoyin kuma aka sake aunawa, kuɗin da ban sa a lissafin farko ba.

Matso da maɗauri kusa da jigo ya fi wannan haɗari, kuma masu son tsere suna yawan nemansa. Lissafin a fili yake: ƙarfin da ke neman kifar da jirgin bai sauya ba, kai kuma ka rage nisan da wayar ke riƙo daga tsakiya. In maɗaurin yana mita 1.5 daga jigo ka dawo da shi mita 1, nauyin da ke kan wayar ya ƙaru da kusan rabi, haka ma dannawar da jigo ke yi wa gindinsa. Masu zanen jirage ba sa son kusurwar da ke tsakanin waya da jigo ta gaza digiri 10 zuwa 12. Sannan a sabon wurin mene ne a ƙasa? In dandamali ne zalla, zai ɗago. Dole nauyin ya samu hanyar sauka zuwa gangar jirgi, ta bango ko ta sandar ƙarfe. Irin wannan aiki ba na karɓa sai mai jirgi ya kawo lissafin injiniyan jirage a rubuce. In ya ce, "Oga, ai kai ka san aikinka," sai in ce masa na sani, shi ya sa.

In an gama, kada ka karɓi cikon kuɗinka a kan tudu. Ka bi jirgin fita cikin matsakaiciyar iska, ka sauka ciki lokacin da ya kishingiɗa, ka ɗora tafin hannunka a bangon da maɗaurin yake. Ka saurari ƙara, ka buɗe ƙofar ɗakin ka rufe. In ta fara cijewa alhali a tasha tana buɗuwa sumul, bangon na motsi. A juya ɗaya gefen ka sake gwadawa. Da kun dawo ka bi notin duka da sifana, sannan ka watsa bokitin ruwa a kan murafen ka shiga ciki da tocila.