Yoyon man sitiyari a tsohuwar a-kori-kura: abin da ya kashe sil ɗin

Motata a-kori-kura ce da ta haura shekara 18 a kan hanya, kuma na san kukanta kamar yadda mai doki ya san haniniyar dokinsa. Saboda haka ranar da na tayar da ita da safe, na murɗa sitiyari don in fita, na ji wani siririn kuka yana tashi daga gaban inji yana ƙaruwa da murɗawa, ban tsaya wata-wata ba na buɗe bonet. Man sitiyari ya sauka ƙasa da layin da aka zana a jikin tankinsa, ɗan abin da ya rage kuma ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu a ciki. Na cika shi, kukan ya ɗauke, na ci gaba da harkokina. Bayan mako biyu man ya sake sauka daidai inda na tarar da shi.

Man sitiyari ba ya ƙonewa kamar yadda tsohon inji yake shan baƙin mai, domin zagayawa kawai yake yi a rufaffiyar hanya. Bel ɗin inji yana juya famfo, famfon yana tura man ta tiyo mai ƙarfi zuwa rak, wato doguwar sandar ƙarfe mai haƙora da ke kwance a cikin bututu tsakanin tayoyin gaba. Ƙaramar giya da ke ƙarshen sandar sitiyari ita ce take cizon haƙoran nan tana tura sandar rak ɗin hagu ko dama, a samanta kuma akwai bawul da ke karkatar da man zuwa gefe ɗaya na fistin da ke jikin sandar, ta yadda man zai taya hannun direba turi. Daga nan man yana komawa tanki ta wani tiyon marar matsi. Matsin da ke cikin tiyon farko yakan kusanci bar 100 (bar ma'aunin matsi ne) idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe, kuma abin da ke riƙe da wannan matsi duka 'yan zobban roba ne da masu gyara ke kira sil. Idan man ya ragu, to ya sami ƙofar fita ne. Ba kowace tsohuwar a-kori-kura ce take da rak ba, da yawa akwatin sitiyari ne da su mai hannun ƙarfe a ƙasa. Ford F-150 ma sai a ƙirar 2004 ta koma rak, saboda haka mai mota ya fara leƙawa ya ga wanne ne a tasa.

Kuskurena na farko gaggawa ce ta jawo shi. Na shiga ƙarƙashin motar da tocila, na ga tiyon matsi ya jiƙe sharkaf a inda ya haɗu da rak, na yanke hukunci nan take, na canza shi. Aikin ya ci mini yini guda, tiyon ya yi kyau, man kuma ya ci gaba da sauka kamar ban taɓa komai ba. Abin da na manta shi ne mai yana bin gangara, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, ƙura ta zo ta lulluɓe komai ya zama baƙin laka iri ɗaya, har wurin da ya fi jiƙewa ya zama sau da yawa wurin da man ya yada zango kawai.

A karo na biyu na bi a hankali. Na wanke famfo da tanki da tiyo biyun da rak ɗin gaba ɗaya da sinadarin cire maiƙo, na bari suka bushe, na shimfiɗa farin kwali a ƙasa, na cika man. Wani ya zauna a ciki yana murɗa sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan inji yana aiki, ni kuma ina kallo, na kuma gargaɗe shi kada ya danne shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, domin a nan ne matsin yake kai ƙololuwa man ya ɗauki zafi. Na duba bayan fulin famfo, na duba inda aka matse ƙarfe a kan robar tiyo, na duba kilif ɗin tiyon komawa, na duba saman rak inda sandar sitiyari take shiga. Ko'ina a bushe, kwalin ma fari fat. Sai da na kai hannu na matsa robar nan mai ninki-ninki da ke rufe ƙarshen rak ta gefen direba, wadda ake kira but, na ji ta yi nauyi tana motsi a hannuna kamar salka. Da na yanke kilif ɗinta na ja ta baya, mai ya kwararo ya kusa cika kofi, launinsa ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa, da yashi-yashi a cikinsa.

Aikin but shi ne tare ƙura da ruwa, abin da ya kamata a samu a cikinta iska ce da ɗan giris. Duk man da aka tarar a ciki daga sil ɗin ƙarshen rak ya fito, ya taru a ɓoye, sai ya cika sannan ya riƙa tsatsafowa ta bakin kilif yana bin jikin bututu har ya jiƙa tiyon da na zarga. A wasu motocin akwai siririn bututun iska da ya haɗa but ɗin hagu da ta dama, mai yakan bi ta nan ya tsallaka, saboda haka ganin mai a gefe biyu ba ya tabbatar da cewa sil biyu ne suka mutu. Akwai kuma yoyon da ba a gani sam: idan zoben fistin na ciki ne ya cinye, man yana tsallakawa ne daga wannan ɗaki zuwa wancan ba tare da ɗigo ko ɗaya ya faɗo ƙasa ba, alamarsa ita ce sitiyari ya yi tauri.

Yashin nan ne ya tsaya mini a rai, domin ruwa ba ya tsami banza. Na juya but ɗin a hannuna, sai ga tsaga a saman ninki na uku, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, a gefen da mai leƙe daga ƙasa ba zai taɓa gani ba. Ta nan ruwa da ƙura suke shiga, wataƙila shekara da shekaru.

An ba ni shawarar in zuba maganin tsayar da yoyo da ake sayarwa a kwalba. Ban raina shi ba, amma na san iyakarsa: kumbura roba yake yi ya tausasa ta, saboda haka yana iya taimakon sil da ya bushe don tsufa na ɗan lokaci, ba ya ɗinke sil da aka yanka. Ci gaba da ƙara mai ana tafiya kuma ya fi shi muni, domin ranar da aka manta famfo zai juya a bushe ya niƙa kansa ya watsa garin ƙarfe cikin hanyar gaba ɗaya, man da ke ɗiga yana ruɓar da robobin da rak yake zaune a kansu, idan kuma ya sami salansa mai zafi yana iya kamawa da wuta.

Fitar da rak ba ya buƙatar hikima mai yawa, amma akwai matakai biyu ko uku da idan aka tsallake su sai an yi da-na-sani. Na daidaita tayoyi suka kalli gaba sosai, na cire kan batir, na ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera don kada ya juya. Dalilin ɗaurin shi ne akwai naɗaɗɗiyar waya a bayan sitiyari da ke kai wuta ga jakar iska da hon, idan sitiyarin ya yi ta juyawa babu rak a ƙasa sai ta tsinke. Na ɗaga motar na ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin da mutum zai kwanta a ƙarƙashinsa ba ne. Na yi alama da fenti a mahaɗar sandar sitiyari da giyar rak kafin in kwance notin da ya matse su, na ciro kawunan tayirod, wato sandunan da ke haɗa rak da tayoyi, daga jikin tayoyin, na ƙirga zagaye nawa kowanne ya yi kafin ya fita daga zarensa na rubuta a bango. Notocin tiyo kuwa da sifana mai rungume noti na kwance su, don sifana mai buɗaɗɗen baki takan murje kusurwoyinsu.

A kan tebur na zaro sandar rak daga bututunta na goge ta. Tsakiyarta tana sheƙi kamar madubi, amma a gefen da but ta tsage, daidai inda sil yake kai-komo, akwai 'yan ramuka baƙaƙe kamar zanzana. Na ja farcena a kai, ya sarƙe. Na riga na sayi kwalin sababbin sil, kuma zuciyata ba ta so ya tashi a banza ba, sai na ɗauki sandar na kai wa wani dattijon bakanike da na daɗe ina jin maganarsa. Na ce, "Baba, idan na goge ta da takardar yashi mai laushi fa?" Ya shafa ta da babban yatsa sau ɗaya ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, tabo ake gogewa. Wannan rami ne, tsatsa ta ci ƙarfen, bakin ramin nan kuma reza ne ga duk sil ɗin da ka sa." Gaskiyarsa ce, domin ko na goge har ramin ya ɓace, sandar ta rame a wurin, sil ba zai kama ta ba.

Wanda sandarsa ta fito sumul zai iya canza sil kawai, kuma aikin yana kyau idan an yi shi da tsabta. Sai dai ya naɗe haƙoran sandar da siririn tef kafin ya zura ta cikin sabon sil don kada su tsaga leɓensa, ya shafa wa kowane sil man sitiyari, ya bar zoben fistin ya koma girmansa bayan an buɗa shi an sa, ya kuma duba bushin ɗin ƙarshen bututu, wato zoben da ke tallafe da sandar, domin idan ya cinye sandar za ta riƙa rawa ta buɗe sil ɗin. Ni dai rak na canza gaba ɗaya, da wanda aka sabunta, kuma kafin in karɓa sai da na sa aka ja but ɗinsa baya na ga sandar da idona.

Kafin in ɗaura shi na juya giyarsa daga ƙarshe zuwa ƙarshe na ƙirga zagayen, na dawo da rabi, don tsakiyarsa ta dace da sitiyarin da ke ɗaure. Na sa sababbin zobba a bakin tiyo, na ɗaure kowane noti da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, na zubar da tsohon man duka na wanke tanki, tunda yashin da na gani ya zagaya ko'ina. Irin man da za a zuba yana rubuce a murfin tanki ko a littafin. Tawa man giyar otomatik na Dexron take sha, wasu motocin kuwa nasu na musamman ne, kuma haɗa su yana lalata sil. Fitar da iska ya ɗauki lokaci: tayoyi a sama, inji a kashe, na murɗa sitiyari a hankali ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 ina ƙara mai duk lokacin da ya sauka, har kumfa ta daina tasowa, sannan na tayar da inji na maimaita. Ƙirgen zagayen tayirod ya isa ya kai mota wurin saita tayoyi ne kawai, can na nufa kai tsaye, domin ɗan karkacewar da ido ba ya gani yana cinye gefen taya cikin ƙanƙanin lokaci.

Bayan wata guda man yana nan a kan layinsa. Na shiga ƙarƙashi na matsa but biyun, iska ce kawai a ciki, na kuma zagaya da yatsa ta samansu ninki bayan ninki. Tsohon tiyon da na cire tun farko yana rataye a ƙusa a bangon gareji. Na wanke shi na duba daga wannan baki zuwa wancan, ban sami ko tsaga ɗaya a jikinsa ba.