Abin da Bolex ɗin ɗakin kaya ta koya mini

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin kaya, kuma ɗalibai sun matsa in bar musu wani abu a rubuce game da tsohuwar kyamarar fim ɗin nan, Bolex H16, da kowa ke tsoron ɗauka. Ba zan iya maganarta ba sai na taɓo aikin marina, domin har yau akwai masu ganin ni na ɓata shi.

Waɗanda suke nan sun san yadda aka yi. Mun ɗauki dattawan marina da fim ɗin Tri-X, aka aika fim waje wanki, ya dawo da duhu. Hannun tsoho, ruwan baba da bakin ramin duk sun haɗe sun zama baƙi ɗaya. Oga, malaminmu, ya kashe majigi, ya juyo gaban ɗalibai ya ce, "Wa ya riƙe mitar auna haske?" Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Bai ƙara tambayar komai ba. Aka hana ni fita ɗauka, aka mai da ni ɗakin kaya.

Oga ne kuwa ya ce in sa mita a kan 1/50 na daƙiƙa, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto. A kan kyamarar Arriflex ya koyi aiki, mai marufin haske na digiri 180, wanda a hoto 24 cikin daƙiƙa yake ba da 1/48, don haka lambar ta zauna masa a ka. Bolex mai leƙe ta cikin gilashi ba haka take ba. Marufinta kusan digiri 133 ne, wato 1/65. Sannan tsakanin gilashi da fim akwai ɗan gilashin da ke karkatar da kusan kwata na haske zuwa idon mai ɗauka. Shi ya sa ake auna mata da 1/80. Tun kafin a danna komai mun yi asarar kashi biyu cikin uku na mataki, kuma kowane mataki guda rabin haske yake ragewa.

Sauran na gano shi ne ina zaune ni kaɗai da kyamarar. Na cire gilashi, na buɗe ƙofar fim, na haska tocila ta gaba ina juya injin a hankali, sai na ga tagar da ke wucewa ta yi ƙanƙanta. Ɗan hannun nan na gefe da ake dusashe hoto da shi, wanda Paillard, masu ƙera Bolex, suka ƙara wa samfurin REX a 1959, an kulle shi a rabi. Mataki guda cur ke nan. Wani ya yi amfani da shi kafin mu, bai mayar ba, kuma ranar Oga da kansa ya ɗora kyamarar a ƙafa, bai bar kowa ya taɓa ta ba. A haɗa biyun, kusan mataki biyu. Fim irin Tri-X, wanda shi ake wankewa a haska kai tsaye, ba ya yafe wannan, balle a kan fatar baƙin mutum a inuwa.

Da kuɗina na sayi naɗi ɗaya na ƙafa 100, wanda bai kai minti uku ba, na kafa kwali mai ruwan toka, na ɗauka mataki-mataki ina rubuta lambar a allo. Da ya dawo na kai wa Oga. Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "To, madalla." Mako na zagayowa ya tsaya a aji yana koya wa ɗalibai 1/80 kamar shi ya gano. Bai taɓa cewa mitata daidai take ba, bai kuma mai da ni fita ɗauka ba. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, duk da na san tun daga ranar babu naɗin da ya fita ta hannuna ya dawo da duhu.

Ku da za ku ɗauke ta bayana, kada ku karɓi lamba daga bakin kowa, komai girmansa, sai kun duba kyamarar da ke hannunku. Ku tabbata hannun marufi yana sama, a kulle. In kun buɗe gilashi gaba ɗaya don saita hoto, ku mayar kafin ku danna. Da hannu ake wana injinta, wani ɗaya ba ya kai daƙiƙa 30, kuma in injin ya fara ja da nauyi, hoto zai yi fari ya yi sauri, to lokacin kai ta gyara ya yi.

Mitar Sekonic ɗin da ba ta cin batir ta tsufa, irin nata idon yana rauni da shekaru, ku riƙa gwada ta da sabuwa. Mitar Gossen ɗin kuwa an yi ta ne don batiri mai volt 1.35, na kasuwa 1.5 ne, ƙarya za ta yi muku. Sai ɗan ƙarfen tace haske da ke shiga ta gefe bayan gilashi: ko ba komai a cikinsa ku bar shi a wurinsa, in ba haka ba rana za ta shiga ta tsagar ta ƙone muku fim. Ya yi sako-sako, na liƙa masa baƙin tef, akwai ragowar tef ɗin a aljihun jakar.