Ɗanyen kashin kaji ya cinye min sanyin bana

Har yanzu in na bi ta kusurwar katangar nan ta bayan madafi sai raina ya sosu. A nan na yi renon tumatirin bana, a nan ya mutu har sau 2, kuma ni na jawo da hannuna.

Lambun nawa ba wani babba ba ne, taku 12 ne a tsaye, 7 a kwance, a bayan gidanmu da ke Tudun Wada a Gusau. Shekarata ta 4 ke nan ina yin sa. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba na tuge tsohuwar kuɓewa da yakuwa, na kafce ƙasa, na ja fangali, yara suka taya ni sabunta danga da karan dawa. Duk wannan lafiya lau.

Taki ne ya kayar da ni. Kullum busasshen kashin awaki nake samowa daga gidan surukata. Bana sai wata maƙwabciyata mai kiwon kajin gidan gona ta share ɗakin kajinta, ta aiko min da buhu 2 kyauta, Allah ya saka mata, don alheri ta nufa. Da na kwance bakin buhun, warin ya doki hancina har idona ya kawo ruwa. Na tura hannu na ji ɗumi, ga danshi, ga dusar katako a cakuɗe. Wannan ɗumin na ɗauka shi ne ƙarfin takin. A ranar na juye rabin buhu a wurin reno, na cakuɗa da ƙasa, na yafa irin tumatirin da ake kira UTC da na tattasai, na rufe da ciyawa, na yi ban ruwa.

Bayan mako guda ya tsiro, amma jefi-jefi. Kafin kwana 4 bakin ganyen ya fara komawa ruwan ƙasa kamar wuta ta lashe shi, da hantsi sai su kwanta. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa safe da yamma. Ba su tashi ba. Na ce ƙadangaru ne, don kuwa na ga wani jan gwada yana tsinkar ɗan ganye, sai na lulluɓe wurin da tsohon gidan sauro. Na zargi kajin gida, na zargi mai sayar da iri. Abin da ya fi ci min rai shi ne na sayo sabon iri, na sake yafawa a wannan ƙasar dai, ko canza wuri ban yi ba.

Ana cikin haka ƙanin surukina ya zo daga Talata Mafara ganin likita, ya sauka gidanmu. Dattijo ne da ya tsufa yana noman rani a filayen da madatsar Bakolori ke ba ruwa. Bayan la'asar na ce, "Baba, don Allah zo ka duba min, iri ya ƙi ni bana." Ya tsuguna, ya zare tsiro ɗaya a hankali, ya kakkaɓe shi a tafin hannunsa. Saiwar guntuwa ce, ta yi ja-ja, babu farin gashin nan da ake gani a jikin lafiyayya. Ya damƙi ƙasar ya kai hanci, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, mi kika zuba nan?"

Na ce kashin kaji ne.

"Ɗanye?"

Na yi shiru. Ya ce, "Iri bai da laihi, ƙadangare bai da laihi. Wuta kika shimfiɗa musu."

Ya yi min bayani, daga baya ni ma na bincika na ga haka ne. Kaza ba ta fitsari daban, da kashi da fitsarin a haɗe suke fita, shi ya sa takinta ya fi na akuya da na shanu zafi nesa ba kusa ba. In yana ɗanye, da ya sha ruwa sai ya riƙa fitar da wannan iskar mai yaji da ta sa ni hawaye, ga gishiri-gishirin da ke cikinsa yana janye ruwa daga saiwa. Ashe duk bokitin da na ƙara, ƙara tayar da shi nake yi. Ana tara shi ne a gefe, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk bayan mako 2, har wata 2 zuwa 3, sai ya huce, ya yi baƙi, warin ya koma na ƙasar da ruwan farko ya daka.

Kuɗin iri ba su dame ni ba, lokacin ne. Tumatir yana yin mako 3 zuwa 4 a reno kafin dashe. Niyyata in dasa a farkon Nuwamba, ya yi fure cikin hunturu, ya sha sanyinsa son rai. Sai ga shi ban dasa ba sai tsakiyar Disamba. Duk wanda ya san Gusau ya san da Maris ya kama zafi yana doshin 40, tumatir kuwa in zafi ya yi yawa furensa zubewa yake ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Na sha tsayawa da safe ina kallon ƙananan furanni rawaya a zube a gindinsa. Tsinka 3 na kirki na samu, a gonar da bara na yi ta kyauta har da shanya kauɗa. Ranar da na aiki yaro kasuwa sayen tumatirin miya, abincin ma bai yi min daɗi ba.

Sauran masu ɓarnar kuwa na saba da su. Gidan sauron nan ya yi amfani, ƙadangaru ba su ƙara taɓa reno na uku ba, kuma ba zan sake yafa iri ba tare da shi ba. Gara ta shiga ƙarƙashin ciyawar da na rufe gindin tattasai, na ɗage ciyawar na barbaɗa toka. Darɓa ta kama bayan ganye, na daka 'ya'yan dogon yaro na jiƙa suka kwana, na tace, na sa ɗan sabulu na fesa da yamma. Tsutsar sharon da ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarna a 2016 na ga zanenta a 'yan ganyaye, na tsinke su na ƙone tun da wuri. Akuyar maƙwabta ta tura danga sau ɗaya ta cinye min layin latas. Wannan ya yi zafi, amma latas mako kaɗan ne ya maye gurbinsa. Wata guda da rabi na sanyi kuwa babu inda zan sayo shi.

Don haka 'yar'uwa, in an ba ki taki, ki tura hannu ki kuma sansana. In da ɗumi, in warin ya taɓa miki ido, kada ya kusanci reno. In kuma tsiro ya fara mutuwa, ki zare ɗaya ki dubi saiwar kafin ki kama zargin kowa. Da na yi haka a makon farko, da ban yi asarar iri na biyu ba.

Ragowar buhu ɗaya da rabin nan Baba ya sa aka tara shi a gindin zogale kafin ya koma. Na yi ta juya shi kamar yadda ya ce. A ƙarshen Janairu na tura hannu na ji sanyi, ya yi laushi yana marmashewa, sai na zuba a fangalin alayyafo. Ban taɓa ganin alayyafo irinsa a gidan nan ba, ganye kamar tafin hannu, kore shar. Na cika kwando na aika wa Baba har Mafara. Na reno mai zuwa kuma tuni na karɓo buhu 2 daga wurin maƙwabciyar tawa, suna can gindin zogalen, ranar Asabar zan yi musu juyi na biyu.